Koren Ƙwallo

"Wannan ma ɗauke shi," in ji Direba. "Sai ka ce labulen ɗakin amarya."

Mai Walda ya janye jan ƙyallen daga kan teburin wasan sunuka, ya shimfiɗa na gaba, ransa duk a jagule. Tun da rana suke abu ɗaya a garejin nan. Direba na cikin kujerar da aka jawo masa daga falo, bargo a gwiwa, ya rame har agogonsa na yawo a tsintsiyar hannu, amma bakin nan nasa ko kaɗan bai rame ba.

Katanga ce kawai tsakanin gidajensu. Tun da Direba ya ajiye tuƙin babbar mota ya sayo teburin nan na hannu, ya kori motarsa waje, kullum da yamma Mai Walda na rufe shago sai gareji. Yanzu tsohon koren ƙyallen ya yage, kafinta ya ɗaye shi, ya bar musu guntaye kala-kala su zaɓa. Likita kuwa ya riga ya ce a mai da Direba gida, a ba shi duk abin da ransa ke so. Mai Walda ya san ma'anar wannan maganar. Ba abin da yake nema sai su ƙara buga wasa ko da sau ɗaya ne, ga shi tsoho ya ƙi zaɓa.

"Baba, a sa kore mana, kamar na da," in ji Auta, 'yar Direba, daga bakin ƙofa. "Ko'ina kore ake sawa."

"Ko'ina ba garejina ba ne. Kai, Makaho, ɗora ƙwallayen."

Makaho yake kiran Mai Walda, don tartsatsin walda ya daɗe da cin idanunsa. In koren ƙwallo ya zauna a kan koren ƙyalle, shi kenan, ya ɓace masa ɓat. Sau nawa ya auna shi ya bugi iska, Direba ya yi ta dariya har da riƙe ciki!

Mai Walda ya ɗora koren ƙwallo da mai ruwan ƙasa a kan shuɗin ƙyalle mai duhu.

"Koma can ƙarshen tebur. Wanne ne a dama?"

"Haba Tsoho, yau ma tsiyar za ka yi mini?"

"Na ce wanne ne?"

Mai Walda ya ƙanƙance ido. "Kore."

"Ka faɗi. Ɗauke shi."

Haushi ya kama Mai Walda, har ya ji kamar ya yi kuka. Mutum na kwance tsakanin yau da gobe, amma tsokana ce a gabansa. Ya fizgo guntun ƙarshe, wani ruwan toka mai haske da ba wanda ya kula shi, ya shimfiɗa, ya koma inda aka ce.

"Kore a hagu, ruwan ƙasa a dama," ya faɗa tun kafin a tambaye shi.

Direba ya ce Auta ta sauya musu wuri. Mai Walda ya sake faɗa daidai.

"To, a kira kafinta," in ji Direba, ya lumshe ido.

Maman Auta ta leƙo ta riƙe haɓa. "Duk kalolin duniya, sai kalar bargon asibiti?"

"Ke dai kawo mana shayi."

Washegari kafinta ya ja ƙyallen ya ɗame shi tsaf, garejin ya cika da warin gam. Da yamma Direba ya sa aka tashe shi tsaye. Ya goga alli a bakin sandarsa a hankali, ya jingina da tebur, ya fasa ƙwallayen. Bugun ba ƙarfi, amma ƙarar nan ta ƙwal-ƙwal ta sa Mai Walda jin daɗin da ya daɗe bai ji ba. Suka yi ta yi, Direba na bugu ɗaya ya zauna ya huta, yana zagin hannun abokinsa, Mai Walda na ramawa. Har Maman Auta ta zo ta tsaya tana dariya.

Can koren ƙwallo ya gangaro ya tsaya dab da ramin kusurwa, bugu kuma na Mai Walda ne. Ya duƙa ke nan Direba ya ɗaga hannu.

"Bar shi nan. Na gaji. Gobe ina so in ga ko za ka same shi, lokacin ina da ƙarfin yin dariya."

Da safe, Mai Walda na ɗaga ƙofar shago, Auta ta zo ta tsaya a bayansa. Yana juyowa ya ga fuskarta, ya gane. Ya sauke ƙofar, ya bi ta.

Sai da masu ta'aziyya suka ragu, bayan 'yan kwanaki, Maman Auta ta aika a kira shi. Ta miƙa masa makullin gareji.

"Ya ce tebur naka ne, ko ka ɗauka ko ka riƙa zuwa nan. Na yi masa ƙorafin kalar nan, ya ce ba don shi aka sa ba. Wai ya gaji da cin makaho, a bar ka ka ga abin da kake bugu."

Mai Walda ya karɓi makullin, ya ce, "Allah ya jiƙansa." Kewa ta cika shi, amma sai ya ji yana murmushi.

Ya buɗe garejin. Ba a taɓa komai ba. Kujerar na nan da bargon a ninke, sandar Direba na jingine da bango, da shuɗin alli a bakinta. Ya zaga can ƙarshen tebur, inda aka saba tsayar da shi, ya duba. Hasken yamma ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan ruwan tokar, ga koren ƙwallo can a bakin rami, yana ganinsa sarai.