Tsutsar Idon Ɗalha

A shekarar da sojoji suka mayar wa farar hula mulki, duk unguwar Jakara an san zaurena. Nan ake zuwa kallon ƙadangare mai wutsiya biyu da na busar, da wani dutse da nake kyautata zaton daga sama ya faɗo.

Sai maƙwabcina Ɗalha, mai fataucin goro, ya dawo daga kurmin kudu da tsutsa a ido. Tana ratsa farin idon kamar zare a cikin nono. Likita ya ɗiga masa magani, ya tsaga kaɗan, ya zaro ta, ya ba shi a kwalba.

Tun ranar ba wanda ya ƙara leƙo ni. Har gardamar zaɓe ta koma ƙofar gidansa. Ɗalha fa, wanda bai taɓa ɗaga kai ya kalli gajimare ba!

"Malam Nata'ala, matso ka gani mana," in ji shi. "Ko ƙadangaren ne ya hana ka?"

Na ce ina da uzuri.

To, ni ma na daɗe ina ganin wasu zare-zare suna iyo a idona in na kalli sama. Na sa matata Dije ta raka ni asibitin ido. Likita ya haska ni da ƙaramar fitila, ya yi magana ta ɓangaren kunnena mai nauyi. Na ji ya ce, "Baba, wannan ai tsutsa ke kawo shi."

Kafin la'asar zaurena ya cika. Na gaya musu tawa ta shige can ciki, inda ƙarfen likita ba ya kaiwa, kuma ba ɗaya ba ce. Ɗalha ya tsuguna yana leƙa idona, fuskarsa a murtuke. Wallahi na ji daɗi.

Dije ta kawo ruwa, ta tsaya daga soro na biyu.

"Wace irin tsutsa kuma, Malam? Tsufa ya ce! Tsufa ke kawo shi. Ina wurin."

Da ƙyar Ɗalha ya iya tashi saboda dariya.

Isiyaku marini ya dafa kafaɗata. "Kada ka damu, Malam. Ni ma shekara goma ina ganin zaren nan."

"Ni ma," in ji wani. Wasu biyu suka gyaɗa kai.

Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ashe ko wannan ba nawa ba ne ni kaɗai.