Direbobi Biyu a Motar Shatu

Shekarar da Nasara suka miƙa mulki, Shatu mai man gyaɗa ta Cadawa ta sayi tsohuwar kamyo, wato babbar motar kaya, a hannun wani Bature da ke haɗa kayansa. Ita ba ta tuƙi, amma direba bai yi mata wuya ba, har biyu ta samu a gida. Akwai Ayuba, ɗan wanta, wanda ya tuƙa motar soja wajen Faransawa ya dawo da lambar tagulla da taurin wuya. Akwai kuma Salisu, mijin 'yarta, wanda ya koyi mota a Katsina, shi ma yana jin kansa.

Tun ranar farko ba su ga juna da gashi ba. Ayuba ya ce wanda ya koyi tuƙi a ƙasar da ake bin hannun hagu ai jaki ya dace da shi. Salisu ya ce soja ba ya tuƙi, umarni kawai yake bi. Shatu ta raba musu: ɗaya ya kai motar Maraɗi, ɗaya ya dawo da ita. Ita kuwa tana zaune tsakaninsu, tana shan warin taba ta dama, warin turare ta hagu.

Ana tsakiyar kakar gyaɗa motar ta fara halinta. Ana cikin tafiya sai sandar giya ta yi tsalle ta fita da kanta, injin ya yi ta kururuwa a banza, motar ta yi sanyi.

"Gwaggo, kin gani ko?" in ji Ayuba. "Ɗan Katsina ya cinye haƙoran giya."

"Inna, tambaye shi wa ke fizgar sanda kamar zai tuge rogo," in ji Salisu.

Dabarar da suka iya ita ce su ɗora hannun Shatu a kan sandar, ta danne ta tun daga Cadawa har Maraɗi. Tsohuwa mai jikoki ta zama turken giya, ƙartai biyu suna gardama bisa kanta. Ran da kafaɗarta ta ƙi ɗaguwa ta ce a wuce da ita garejin Dogo, wani makaniki a bayan kasuwa.

Dogo ya dube su, ya tambaya, "A wace giya take fita?"

Ayuba ya ce a hannun Salisu take fita. Salisu ya ce ƙarya ne.

"Ban tambayi hannun wa ba. Ta biyu ko ta uku? In an taka mai, ko in an ɗaga ƙafa?"

Duk tsawon tafiyar nan kowanne laifin ɗan'uwansa yake lura da shi.

Dogo ya hau motar ya zaga da ita da kansa. A ta uku take fita, da zarar an sassauta ƙafa. Ya dawo ya girgiza sandar, ya ce ba ta yi sako-sako ba. Ya leƙa ƙafafun da ke riƙe da injin, ya ce robarsu da sauranta. Sannan ya kwanta ƙarƙashi ya kwance murfin da ake zuba wa akwatin giya mai, ya zura yatsa. Yatsan ya fito a bushe. Da ya kwance na ƙasa, wani baƙin abu kamar kunun kanwa ya ɗiga, yana ƙyalli da garin ƙarfe.

"Yaushe rabon da a duba man nan?"

"Aikin yaron mota ne," in ji Ayuba, yana nuna Salisu da haɓa.

"Shi ya sa na bar maka," in ji Salisu.

Ashe tun da aka sayi motar babu wanda ya taɓa durƙusawa ƙarƙashinta. Kowanne yana ganin in ya sa gwiwa a ƙasa, ɗayan ya zama maigida. Dogo ya ce haƙoran ta uku sun goge, ƙarfen da ke tura su ya cinye, sai an aiko da sababbi daga Kano, wataƙila bayan kaka.

Shatu ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi lambar Ayuba, ta dubi takalmin Salisu mai sheƙi, ta yi tsaki.

"Ashe jakai biyu na ɗaure a turke ɗaya, ina ta jiran su yi huɗa. Jakin ma ya fi ku, shi in ƙishi ya kama shi yakan yi kuka."

Ta bar motar a garejin, ta yi cinikin raƙuma da wasu Buzaye su kwashe mata sauran gyaɗar. Ayuba da Salisu ta sa su ɗora buhuna, ta ce aikin nan ba a tambayar wa ya fi wani. Da kayan suka iso daga Kano, damina ta kusa, ta ɗauki wani direba daga Agiye. Su biyun kuwa har suka tsufa, in an zauna a ƙofar gida, kowanne yakan rantse ɗayan ne ya kashe motar.