Haushin Ƙarfe Huɗu

Karen ba na Kafinta ba ne. Na yayansa ne, wanda ya rasu wata biyu da suka wuce ya bar masa keke, da tsohuwar rigar sanyi, da kare. Kullum ƙarfe huɗu na yamma karen zai je bakin ƙofar gida ya kama haushi, ba ya sassautawa sai rana ta faɗi. A daidai lokacin ne marigayin yake dawowa daga aiki yana kaɗa ƙararrawar keke.

A ɗakin da ke jikin nasu akwai wata nas mai aikin dare, wadda da rana take barci. Ita ta kai ƙara wurin mai gidan haya, shi kuma ya ce nan da Asabar, ko karen ya yi shiru ko ya bar gidan.

Kafinta ya gwada ƙashi. Karen ya cinye, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ya gwada tsawa, sai masu damun nas suka zama biyu.

"Maigida, sa rigar Yaya ka hau kekensa ka shigo," in ji matarsa tana shanya wanki. "Zai ɗauka ya dawo."

"Ai ƙarya ke nan."

"Kare ne fa."

"Shi ya sa. Mutum in ka yi masa ƙarya yana iya bincikawa."

"To, ranar Asabar sai ya je ya bincika a titi."

Kwana biyu yana juya maganar a shago, har ya rage wa wani tebur ƙafa ɗaya fiye da kima.

Ranar Juma'a ya sa rigar, hannayenta sun rufe masa yatsu. Ya zagaya layin da keken, ƙarfe huɗu ya kaɗa ƙararrawa a ƙofa. Haushin ya ɗauke. Da ya tura ƙofar karen ya taho a guje yana kaɗa jela. Ya shinshina rigar, ya bi hannunta har ya kai ga yatsun da ke ciki. Jelar ta tsaya.

Kafinta ya tuɓe rigar ya ajiye a ƙasa.

"Ni ne," ya ce. "Ba zai dawo ba."

Karen ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kwanta a kan rigar.

Ranar Asabar mai gidan ya zo huɗu saura, ya tsaya ya kasa kunne har huɗu ta wuce, bai ji komai ba sai minsharin nas. Ya gyaɗa kai ya tafi.

"Ka ga dabarata," in ji matar Kafinta.

Kafinta bai san ko ƙaryar ce ta yi aiki ko gaskiyar da ta biyo bayanta ba. Abin da ya sani, yanzu in huɗu ta yi karen barcinsa yake yi, shi ne yake ɗaga kai ya kalli ƙofa.