Hannun Hagu na Allahiya

Ina goge ƙasan zaure na uku na ji Baba Ottavio yana cewa, "Ɗana, ajiye wuƙar."

Maƙwabcina ne, hawa ɗaya muke a layinmu na birnin Napoli a Italiya, kuma a gidan zane-zane ɗaya muke aiki, ni da shara, shi da gadi. Shekara talatin yana zaune gaban zane guda: allahiyar daji tana wanka, gefe guda karnuka na yagar maharbin da ya leƙe ta.

Mai wuƙar matashi ne, Ciro. Mako uku yana zuwa kallon zanen, tun da aka harbe ƙanensa a bakin kasuwa.

"Dariya take!" ya daka tsawa. "Ana cinye mutum tana dariya!"

"Wa ya ce maka? Bar fuskar, dubi hannunta na hagu. Ta miƙa shi za ta tsayar da karnukan. Ta yi fushi, ta ba da umarni, yanzu ta makara. Nadama ce wannan."

"Ƙarya kake, tsoho!"

Ya ɗaga wuƙar ya nufi zanen. Baba Ottavio ya sha gabansa. Sau biyu wuƙar ta shige shi, ƙasan haƙarƙari. Na kurma ihu, na maka wa Ciro sandar da nake goge ƙasa da ita a wuya, ya juyo ya naushe ni har haƙorina ya fita. Sai ya ga jinin ya malalo har takalminsa. Ya yar da wuƙar, ya durƙusa, ya danne raunin da hannu biyu yana kuka. A haka 'yan sanda suka same shi.

Kwana huɗu Baba Ottavio ya yi a asibiti. Na kai masa romon kaza, ya kasa sha.

Ya dube ni ya ce, "Immacolata, da wawulon nan wa zai aure ki?"

"Kai mana, in ka tashi. Tsoho da kai, ka tari wuƙa saboda fenti?"

"Yaron ya kalli hannun kuwa?"

"Ban sani ba."

"Ki tambaye shi."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Da na dawo daga jana'iza, rigunansa uku na nan kan igiyar da ke tsakanin tagarsa da tawa. Sun bushe tuni. Na jawo igiyar a hankali, na ninke su.