Ranar da Aka Fasa Kwamin Genzo

Shekara arba'in da ɗaya Genzo Kabasawa ya yi yana mayar wa shanu abinci da shebur, a gonarsa da ke bayan garin Betsukai. Saniya idan tana ci, da hanci take tona ciyawa tana neman dusa, kafin a jima ta watso rabin abincin bayan kwami inda bakinta ba ya kaiwa. Sai mutum ya bi layi yana kwashewa yana mayar mata. Sau shida a yini Genzo yake yin haka, shanu saba'in, ko da dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar rumfa.

Wata safiya da kaka, bayan an gama yankan ciyawa na biyu, 'yarsa Natsuho ta tarar da shi kwance a tsakiyar layi, shebur a gefensa. Aka kai shi asibiti a Kushiro. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi, kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa: "A'a." Da ita yake neman ruwa, da ita yake gaisuwa.

Gona ta koma hannun mata biyu. Natsuho shekararta talatin da takwas, mahaifiyarta Tomie kuwa gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Tatsa safe da yamma, shara, 'yan maruƙa, ga shebur sau shida. Wata guda bai cika ba wuyan hannun Natsuho ya kumbura, har sandunan cin abinci sai da dabara take riƙewa.

Ta kira Urushibara, ma'aikacin ƙungiyar manoma. Ya tsuguna ya shafa cikin kwamin, tsamin ciyawa ya cinye simintin, tsakuwa duk ta fito, ramukan cike da ruɓaɓɓen abinci.

"Wannan ai kankare harshen saniya yake yi," in ji shi. "Ana iya shafe shi da roba, ko a shimfiɗa masa faifan ƙarfe mara tsatsa. Amma in injin tura ciyawa kike so, Natsuho, dole a fasa kwamin, a mayar da wurin fili sumul. Injin ba ya hawa tudu."

Da ya tafi, Tomie ta zauna a kan bokiti tana matsa gwiwa.

"Shi da mahaifinsa suka zuba simintin nan," ta ce. "Ina amarya lokacin, ni nake kawo musu ruwa. Ki bari ya dawo mana."

"Inna, in muka jira ya dawo, a kwance zai same ni."

"To ki faɗa masa."

"Zan faɗa."

Ba ta faɗa ba. Sau uku tana zuwa Kushiro da maganar a bakinta. Ta zauna gefen gado ta ɓare masa lemo, ta ba shi labarin karsanar da ta haihu da maƙwabcin da taraktarsa ta kafe. Duk sanda ta zo kan kwami sai ta dubi hannunsa na dama a yashe kan bargo, ta sake wata hira. A ranta tana cewa mutumin da "a'a" kaɗai ta rage masa, me za ta tambaye shi?

Kwana biyu aka yi ana fasawa. Tomie ba ta leƙo rumfar ba, tana kicin ta ƙure rediyo. Aka daɓe wurin, aka shafe shi da farar roba mai santsi, aka binne siririn ƙarfe a ƙasa wanda injin zai riƙa bi. Shi kansa injin kamar duro yake, tsawonsa bai wuce ƙugun mutum ba. Duk bayan awa biyu sai ya fito daga lungunsa yana 'yar ƙara, yana juyawa a hankali yana tura ciyawar zuwa bakin shanu, in ya kai ƙarshe ya koma da kansa.

Ranar da Tomie ta fara ganinsa, ta daɗe tana kallo, hannu a baya.

"To, ga surukin da kika ƙi kawo mana," ta ce. "Ba ya shan giya, ba ya musu."

"Ba ya kuma cin shinkafarki."

"Gajere dai ne. Amma a shekarunki wa yake zaɓe?"

Suka yi dariya, karon farko tun faɗuwar Genzo. Madara ta ƙaru, raunanan shanun da manya ke turewa suka samu ci, kumburin hannun Natsuho ya fara saɓewa.

A watan Janairu aka sallamo shi a keken guragu. Ko hula bai bari an cire masa ba, ya nuna rumfa da sandarsa. Natsuho ta tura shi ta hanyar da ta share cikin dusar ƙanƙara. Ta buɗe ƙofa. Ya dubi farin daɓen tun daga wannan bango har wancan. Ana nan sai injin ya fito, ya wuce ta gabansa kamar bai san da shi ba.

"Baba, hannuna ne," ta ce. "Na so in faɗa maka."

Bai ce ko da "a'a" ba. Ya bi injin da ido har ya koma lungunsa.

Daga ranar kullum bayan tatsar safe sai an kai shi bakin layi, an lulluɓe masa ƙafafu. A kwana na huɗu ya fara buga sanda a ƙasa. "A'a. A'a!" Washegari ma haka, har jijiyar wuyansa na tashi. Natsuho tana ji daga ɗakin madara, kowane bugu kamar a ƙirjinta. A rana ta uku da fara bugun ta jefar da tiyon da ke hannunta ta fito.

"Na ji, Baba! Ni na fasa, ba kowa ba! Wata uku ni kaɗai nake ɗaukar abin da kake ɗauka. So kake in faɗi a inda ka faɗi? Sannan Inna ta tura keke biyu?"

Bakinsa ya yi ta motsi, ba abin da ya fito. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai. Ta juya ta koma. Kwana biyu ba ta haɗa ido da shi ba, Tomie ce ke tura shi tana nishi.

Tomie ce kuma ta shigo ɗakin madara da sauri a rana ta uku, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba.

"Ke, zo. Ba da ke yake ba."

"Inna, don Allah ƙyale ni."

"Na ce zo! Shekara arba'in ina zaune da mutumin nan. In fushi yake, bango yake kallo. Wannan wuri ɗaya yake kallo."

Suka tura keken cikin layi. Genzo ya riƙa jan ƙasa da ƙafarsa mai lafiya har suka kai ƙarshen rumfar, wajen shanu masu ciki da aka daina tatsa. Ya ɗora sandar a kan ƙarfen da ke gaban wata tsohuwar saniya mai suna Fuki, wadda saura sati uku ta haihu. Kanta na cikin ciyawa kamar sauran. Natsuho ta tsaya ta lura. Bakin ba ya motsi. Ta taɓa kunnenta, sanyi ƙalau.

Nan take ta gane. A tsohon kwami, in saniya ta ƙi ci, rabonta na nan jibge a gabanta, mai shebur sai ya gani. Yanzu kuwa injin na haɗe komai ya baje, na kusa da ita su cinye. Ita kuma Fuki ba a tatsarta, balle a ga madara ta ragu. Kwana nawa ke nan? Ta ƙirga daga ranar da sanda ta fara bugu.

Likitar dabbobi, Hoshikawa, ta iso kafin azahar. Ta naɗe hannun riga ta duba.

"Ɗan ya mutu a ciki," ta ce. "Ya kwana biyar ko fiye. Uwar za mu gwada."

Awa uku suka yi kafin su fitar da shi. Mace ce, mai farin goshi. Genzo ya ƙi a mayar da shi gida, yana zaune cikin sanyi har aka gama, Tomie na riƙe masa kofin shayi yana ƙin sha.

Bayan likita ta tafi, Natsuho ta wanke hannu ta zo gabansa. Ta durƙusa a kan daɓen, ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa takalminsa.

"Baba, ka yafe mini. Kana ta faɗa mini, ni kuma kaina kawai nake ji."

Ta ji hannunsa na hagu a kan hularta, da nauyi.

"A'a," ya ce a hankali. "A'a."

"Tashi haka nan," in ji Tomie tana share hanci. "Daɓen akwai sanyi. Kai kuma Baban Natsuho, in ba ka sha shayin nan ba, surukinka zan ba."

Fuki ta tashi, amma madara ba ta zo mata ba, ƙarshen Fabrairu motar mahauta ta zo ta tafi da ita. Tun daga ranar da aka fitar da maraƙin, safe da la'asar Natsuho ke tura keken mahaifinta a bayan injin, sannu a hankali, daga wannan bango zuwa wancan. Inda ya ɗaga sanda, nan take tsayawa. Wani lokaci ta ga abin da ya gani: ido ya faɗa, ko saniya ta tsaya a kan ƙafa uku. Wani lokaci ta duba ta rasa, ya yi ta buga sanda, ta ce, "To Malam, an faɗi jarrabawa, gobe a sake." Sau biyu ta riga shi gani. Na biyun har ya yi wani sauti da Tomie ta rantse dariya ce.

A farkon Afrilu ciwon ya sake buge shi yana cin abincin rana, kwana biyu ya yi a asibiti ya rasu. Maƙwabta suka raba tatsa a tsakaninsu har aka gama zaman makoki, kamar yadda shi ma ya yi wa iyayensu. Tomie ta aika musu da dunƙulen shinkafa da miya mai zafi, ta tsaya a kansu sai da suka cinye.

A watan Mayu ƙasa ta bushe, ciyawa ta tsiro. Natsuho ta buɗe babbar ƙofa, shanun suka fita suna tsalle da tutsu, manya da su kamar 'yan maruƙa. Tomie ta zo ta jingina da shinge tana kallo.

"Waya ta tsinke a can gefen rafi," ta ce. "Jiya na hango."

"Na gani, Inna."

"To kina jiran wa?"

Natsuho ta ɗauki filaya da ƙullin waya, ta gangara wajen rafin.