Dankalin Inna

Tun daga bakin layi Auta ta hango hayaƙi. Da ta zagaya bayan gida sai ta tarar da yayanta tsaye da galan ɗin kalanzir, ya tuge dankalin Inna kaf, ya tara yaɗon wuri guda, wuta na cinsa.

Kunyoyi ukun nan su kaɗai suka rage daga irin marigayiya mahaifiyarsu. Dankali kuwa ba masara ba ne da za a ɓoye irinsa a kwalba. Reshe ake yanka a dasa, shekara bayan shekara, in reshe ya mutu iri ya tafi. Wannan kuma wata guda ke nan da dasawa, saiwarsa ko kumbura ba ta fara ba.

"Yaya, me ka yi haka?"

"Abin da kika lalata na ƙona," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

Auta a ɗakin gwajin tsirrai take aiki. Makon jiya ta tsinki ganyen dankalin ta gwada, ta samu ƙwayoyin gadon wata bakteriyar ƙasa zaune daram cikin nasa. Daɗi ya kama ta, ta zo ana cin abinci ta ba da labari. Baki shi ke yanka wuya. Ta manta Yaya ne shugaban ƙungiyar manoman da suka rantse ba za su shuka irin da aka taɓa a ɗakin gwaji ba, har allo ya kafa a rumfarsa ta kasuwa. Shi kuma irin mutanen nan ne masu jin rabin magana su ɗauki gatari.

"Ni na lalata?" ta ce cikin haushi. "Da wane hannun? Ganye na ɗauka, ban kawo komai ba!"

"To wa ya sa masa ƙwayar cuta? Inna?"

"Ƙasa ce ta sa! Bakteriyar nan in ta samu rauni a jikin tsiro, sai ta cusa masa gadonta. Ta yi wa kakan dankali haka shekaru dubbai da suka wuce, abin ya zauna, ana ta gadonsa. Shi muka ci muka girma, har ka yi wannan tumbin."

"Ki kai wa 'yan ofishinku wannan tatsuniyar. Mutane su ji ina da irin haka a bayan gida, da wane ido zan kalle su?"

"Au, idon mutane ne? To ɗauki galan ɗinka, mu je gonarka. Na gwada wanda kake sayarwa a ƙarƙashin allon nan naka, yana da shi. Na maƙwabci yana da shi. Har yau ba a gwada dankalin noma an rasa ba. Mu je ka ƙona duka, in kai namiji ne."

Yaya ya dubi galan ɗin da ke hannunsa. Ya san ƙanwarsa da tsiwa, amma bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Ya dire galan ɗin, ya sa ƙafa yana tone tokar ko zai ga kore. Auta ta durƙusa ita ma, tana juya rassan da suka yi baƙi, zafin na cin yatsunta, tana jin haushinsa, tana jin na kanta da shegen surutunta.

"Auta," ya ce, murya ƙasa ƙasa, "ai kina da saura a wurin aikinku. Ki kawo mu dasa."

Ta ɗago ta dube shi.

"Niƙa ganyen ake yi kafin a gwada, Yaya. Gari ne a cikin firji. Inna ta riƙe irin nan shekara arba'in ba ta san sunan bakteriya ba. Mu da muka yi karatu, damina biyu kawai muka iya riƙe shi bayanta."