Ranar da Mashin ɗin Baban Emilia Ya Ƙi Tashi

"Sau goma sha bakwai ke nan ina buga kik, ƙafata ta mutu, shi ko tari bai yi ba!"

Maigidana Silvanus ke nan, yana huci a tsakar gida. Na ce, "To Baban Emilia, ka yi ta ƙirgawa, jirgi zai jira ka gama lissafi."

Abin da ya sa na yi magana haka, ran nan ne 'yarmu Emilia za ta tafi makarantar koyon aikin jinya a Jos. A takarda an rubuta wanda bai iso ran Litinin ba, za a ba wani wurinsa. Ga shi Litinin ɗin ce. Motar kasuwa ta bar Madakiya tun da sassafe, saura jirgin ƙasa na ƙarfe sha ɗaya a tashar Kafanchan. Yarinya ta yi wanka, ta sa farin takalmi, ta zauna kan akwatinta, ido ya cika da ruwa.

Shi mashin ɗin ya girmi Emilia. Tun Silvanus na aikin reluwe ya saye shi. Doka ɗaya ce a gidanmu: ba mai taɓa shi. Ko shanya ba a yi kusa da shi. Da damina ciwon gwiwa ya kwantar da maigida, sai mashin ya yi wata uku a ɗakin da muke ajiye citta.

Na leƙa ta katanga na kira Malam Nuru, maƙwabcinmu mai sayen citta. Kafin ya shiga kasuwanci ya yi bakanike a Kachia. Ya shigo da sifana a aljihun jamfa.

"Baba Silva, wannan tsohon abokin naka ai fansho yake nema."

"Kai ne za ka yi fansho. Duba mini shi."

Malam Nuru ya buɗe tanki, ya sunsuna. Ya ce man ya tsufa, ya koma kamar kananzir. Suka juye shi a kwano, na kawo galan ɗin da aka sayo jiya. Aka buga kik. Shiru.

Ya kwance fulogi, baƙi ƙirin. Ya ce in ba shi tsohon buroshi, ya goge, ya hura, ya ce wa maigida, "Riƙe shi jikin inji, mu ga ko akwai wuta." Silvanus ya riƙe ta wajen ƙarfen. Malam Nuru ya taka kik.

"Yesu!" Mutumina ya yi tsalle ya bar takalmi ɗaya a ƙasa.

"Alhamdu lillahi, akwai wuta," in ji Malam Nuru.

Har Emilia sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Suka sauke kafireto, suka wanke, suka mayar. Muka tura shi ni da Emilia daga ƙofar gida har gindin mangwaro, maigida na bisa. Ya yi "buf, buf" sau biyu kamar mai shaƙuwa, ya mutu. Na dubi rana, ta wuce kan rumbu. Na ce a zuciyata, Ubangiji, kai ka raba Jan Teku, wannan ɗan ƙarfen ba zai gagare ka ba.

Malam Nuru ya tsuguna yana sosa gemu. Ya ce, "Ni abin ya ɗaure mini kai. Mashin kamar mutum ne. Ya ci, ya sha iska, ya fitar. Wannan yana ci, yana sha. To fitarwar ce ban gani ba."



Na tuna. Cikin watan Yuli na shiga ɗakin citta na ga zanzaro na shiga salansa, bututun hayaƙin mashin, da laka a baki, zai yi gida. Ni kuwa duk abin da ke da baki a gidana, totuwar masara nake toshe shi da ita: kwalbar manja, galan ɗin kananzir, tulun daddawa. Na naɗe totuwa da ƙyalle, na cusa, na bi ta da muciya har ta shige ciki sosai. Taimako na yi. Daga nan na manta sam.

Na tsaya ina murza bakin zane. In na yi magana, shekara goma ba zan huta da gori ba. In na yi shiru, yarinyata ta rasa makaranta. Na dubi farin takalmin nan, duk ya yi ƙura wajen turi.

"Malam Nuru," na ce, "in an ce wani abu ya shiga salansa fa?"

"Kamar me?"

"Kamar totuwa."

Silvanus ya juyo a hankali. "Totuwa tana da ƙafa ne, Milka?"

"Ba ta da ƙafa. Zanzaro ne na hana. Da yanzu laka ce cike a ciki, kamata ya yi ka gode mini."

"Kin taɓa mashin ɗina."

"Ban taɓa shi ba, bayansa kawai na taɓa."

Malam Nuru ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har hularsa ta faɗi. Ya lanƙwasa wayar shanya, ya zura, ya yi ta ƙwaƙula. Da ƙyar totuwar ta fito, baƙa, naɗe da guntun atamfar Zumuntar Mata ta cocinmu. Ya ɗaga ta sama. "Baba Silva, ga shaida, har da yunifom."

"Mama, haba!" in ji Emilia.

"Ke rufe mini baki, ɗauko akwati."

Kik ɗaya. Mashin ya yi ƙara kamar an harba bindiga, hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse. Malam Nuru ya ɗaure akwati a baya da roba, Emilia ta ɗare tsakiya ta riƙe rigar ubanta. Malam Nuru ya dubi agogo ya ce saura minti ashirin da biyar, in ba su tsaya ba za su samu. Ya ƙara da cewa, "Kada ka bari ya mutu a hanya fa, injin bai yi zafi ba. In ya mutu, ban san ko zai sake tashi ba."

Silvanus ya sa giya. Sai na ga abin da ya rage. 'Yata za ta bar gida karon farko, ba a ɗora mata hannu ba. Na fara addu'a, ko ni ba na jin muryata don ƙarar.

Na sha gabansu, na riƙe kan mashin da hannu biyu.

"Baban Emilia, don Allah kashe shi minti ɗaya, mu yi addu'a."